Ranakun da Na Rufe wa Kawunku

Na tsallake shekaru da yawa da suka fi wannan daɗin ba da labari, amma ita ba zan tsallake ta ba, saboda wata magana da ɗan'uwanku Bashir ya yi ranar sunan 'yarsa. Muna zaune a zaure ana raba goro, wani ya ambaci Kawunku Modu, aka yi masa addu'a, sai Bashir ya ce, ba tare da ya dubi inda nake ba, ai Kawu ciwo ne ya yi ajalinsa amma waya ce ta fara kayar da shi. Kowa a zauren ya san wayar da yake nufi, kuma kowa ya san a aljihun wa take. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai. Ban tanka ba, domin taron suna ba wurin gardama ba ne, amma na ƙudura a raina cewa kafin a kai ni makwancina sai kun ji yadda aka yi daga bakina, ku 'ya'yana huɗun duka. Ban ce zan fito fes ba. Ina da laifi a ciki, sai dai ba wanda kuke ɗora mini ba ne.

Bayan na ajiye alli aka naɗa ni sakataren wani ɗan kwamitin sulhu a nan Gashua, mai shiga tsakanin manoma da makiyaya tun daga fadamar Katuzu har jigayin Yusufari da Kumagannam. Mu biyar ne, amma ƙa'idarmu ita ce ba a zaman sulhu sai mutum uku sun hallara. Akwai Malama Hauwa, malamar gona mutuniyar Katuzu, wadda in ta shiga gona ta fito ta faɗi girman ɓarna ba mai musa mata. Akwai ni, Malam Sale Bahaɗeje, mai rubuta abin da aka yanke. Sai Kawunku, yayan mahaifiyarku uwa ɗaya uba ɗaya, Bamange, wato reshen Barebari, mutumin Nguru, wanda ya tashi a kasuwar shanu har Fulatanci ya zauna a bakinsa. Kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. To, da wannan wasa yake aiki. Maganar da in ni na faɗa wa Arɗo sai a zare sanda, shi sai ya faɗe ta da zagi a kai, a yi dariya, kuma ta shiga. Ni da Malama Hauwa ana iya samun madadinmu. Shi ba a samu.

Wahalarmu a da ita ce haɗa mutum ukun nan a rana ɗaya. In kira wannan ya ce in sha Allahu, in kira wancan ya ce Allah ya kai mu, ranar ta zo a tarar ɗaya yana ɗaurin aure a Jakusko. Ana haka Malama Hauwa ta je wata bita ta dawo mana da manhajar tsara lokaci, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta sa mana a waya. Kowa yana da kalandarsa a ciki, ranaku a jere gida-gida kamar gurbin dara. Ranar da kake da uzuri sai ka taɓa ta ta koma ja, wadda ka bari kore kuwa kana nan ke nan. In Bulama, mai garin manoma, ko Arɗo yana son zama, sai manhajar ta duba kalandar mu ukun ta fito da ranakun da kowa yake kore, su zaɓi ɗaya, nan take saƙo ya shiga wayar kowannenmu. Ni aka ba mabuɗin, wato ikon rufe ranar kowa ko buɗe ta. Ban ɓoye muku ba, abin ya burge ni. Wanda ya yi shekara talatin da biyar yana zana jadawalin darasi a bangon ofis, in ya ga na'urar da take yin wannan aiki cikin ƙiftawar ido, dole ya so ta.

Kawunku ne kaɗai bai taɓa rufe rana ba. Kalandarsa kore shar daga farkon wata zuwa ƙarshe. Na yi masa magana ya fi sau biyar, amsarsa ɗaya ce.

"Sakatare, ranar tawa ce da zan rufe ta? Mai ita bai ba ni mabuɗi ba."

Kuma ba shi kaɗai ke da wannan hali ba, haka dattawanmu suke. Mutum ya zo maka da damuwarsa ka ce masa ba ka da lokaci, wannan abin kunya ne, gara ka ce to, daga baya Allah ya kawo mafita. Mu da muka san juna muna gane "to" ɗin da za a zo da wanda ba za a zo ba. Ita kuwa na'ura ba ta san kara ba. In ta ga kore, a wurinta an amsa.

Karon farko a Katuzu ne, wata Litinin, bai zo ba, muka lallaɓa muka ɗage zaman. Na biyu shi ne ya tayar da hankali. A farkon damina, shuka ta fara fitowa, aka sa mana zama wata Alhamis a wani ƙauye gaba da Kumagannam. Gonakin gero sun cinye burtalin da shanu ke bi zuwa tafki, kuma bara a kan wannan burtali an yi jina-jina. Arɗo Buba, shugaban makiyayan yankin, ya tara mutanensa, Bulama ya tara nasa. Ni da Malama Hauwa muka sha yashi a bayan a-kori-kura muka isa da hantsi. Muka jira har azahar, muka jira har la'asar, wayar Kawunku a kashe. Da inuwa ta juya, Arɗo ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Malam, wayarku ta ce Modu zai zo. Ko ita ta yi ƙarya ko ku. In Babarbaren nan bai zauna ba, ni ma ba na zama."

Kun san ni da zuciya. Washegari na je gidansa ina huci, ya tarbe ni da dariya, ya ce wani uzuri ne ya kai shi Nguru, in yi haƙuri. Ban gamsu ba. A tasha wani direba ya ce mini ai Ba Modu, wato Kawunku, fasinjansu ne, duk Litinin da Alhamis bayan asuba yake shiga motar Nguru, ya dawo da yamma. Allah ya gafarta mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne ya ajiye mata a can yana ɓoyewa. Litinin na zagayowa na shiga motar da ke bin tasa, niyyata in kama shi dumu-dumu in wanke shi tas. Direbansa ya nuna mini inda ya sauka, sai na ga ƙofar asibiti ce.

Na same shi a kishingiɗe, robobi biyu sun fito daga gefen wuyansa jajawur da jini, suna shiga wata na'ura suna dawowa. Matarsa Ya Kaltum tana zaune a gefe da carbi. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ya fara yafa rawani a wuya duk zafin da ake yi. Mu mutanen Gashua ba a yi mana bayanin ciwon ƙoda, da wuya ka sami unguwar da bai shiga ba, kuma shi ne ya ɗauke Goni, ƙanin Kawunku da mahaifiyarku, tun kuna ƙanana. Duk maganganun da na tanado a mota suka gudu. Na zauna a bakin gadon. Shi kuwa ya buɗe ido ya dube ni, ko gezau.

"Bahaɗeje, har nan wayarka ta biyo ni?"

Na ce masa yau ɗin nan zan gaya wa mahaifiyarku Falmata. Ya ce in matso kusa, kada in sa ya ɗaga murya a gaban mutane.

"Ka san ƙanwata. In ta ji yau, gobe da sassafe tana ƙofar likita tana cewa a ciri ƙodarta a sa mini. 'Ya'yanta huɗu, autar ba ta gama makaranta ba. Ni na ci zamanina. Wallahi in ka faɗa mata, na daina zuwa wurin nan, in zauna a gida in jira. Ka rantse mini."

Na yi gardama iyakar iyawata. Na ce 'yar'uwarsa ce, tana da hakki, na ce ba lallai ma likitoci su yarda ba. Bai saurare ni ba. Shekara arba'in na san shi, tun kafin in san akwai Falmata a duniya, kuma ban taɓa ganin ya rantse ya janye ba. Na rantse. Sannan na ce to sai ya rufe ranakun nan a kalanda, kada a sake tara jama'a a rana saboda shi. Ya ce in shi ya rufe, Malama Hauwa za ta tambaye shi dalili, shi kuwa bai iya ƙarya ba. Ni in rufe. Ya ce ni an san ni da taurin kai, ba wanda zai yi mamaki.

A barandar asibitin nan na yi abin da kuke tuhumata da shi. Na buɗe kalandarsa na rufe Litinin da Alhamis. Manhajar ta tambaya ko a maimaita duk mako, na ce a maimaita. Ta tambaya har zuwa yaushe, na zaɓi ba iyaka. Akwai wani ɗan gurbi na rubuta dalili, na bar shi fayau. Ya Kaltum ta fito ta gaya mini cewa washegarin wankin ƙoda ba ya iya ko zuwa masallaci sai da sanda, sai na ƙara da Talata da Juma'a. Lahadi kuma ƙafafunsa a kumbure suke, Laraba sai dai zama na kusa. In ana maganar doguwar tafiya cikin yashi, rana ɗaya tak ta rage masa a mako, Asabar.

Abin da ban sani ba shi ne manhajar tana rubuta sunan wanda ya rufe rana, da ƙananan baƙi a ƙasa. Malama Hauwa ba a yi mata wayo a waya. A taronmu na gaba ta ɗaga tata a gaban kowa ta tambaye ni da wane izini na rufe wa dattijo kwana huɗu a mako. Kawunku yana zaune yana kallon silin. Na ce mutumin da ya shanya mu a rana har sau biyu ba zan sake barin na'ura ta yi alkawari da sunansa ba. Ban yi ƙarya ba, amma na san yadda za su fahimce ta, kuma na bar su a haka. Kafin in isa gida labari ya riga ni: Malam Sale ya sami mabuɗi ya manta da mutunci, ya hukunta surukinsa.

Na tarar da mahaifiyarku a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Ba ta ɗago ba.

"Malam, Yaya ne waliyyina. Shi ya ɗauke ni ya ba ka lokacin da danginmu suke cewa ba a ba Bahaushe. Me ya yi maka?"

Na ce maganar aiki ce. Ta ce to, ta ci gaba da tsintarta. Da yamma ta yafa mayafi ta tafi gidansa, shi kuma ya ce mata ta bar Sakatare da aikinsa, ya san abin da yake yi. Ta ɗauki wannan a matsayin haƙurin wanda aka zalunta. Daga nan duk ramar da ya yi, ni ne. In ya ƙi cin abinci a gidan biki, baƙin cikina ne. In an gan shi da sanda, Malam Sale ne ya karya masa gwiwa. Wannan shi ya fi komai ciwo a watannin nan, domin ina ganin ciwon yana cinsa, ina jin ana kiran ciwon da sunana, kuma bakina a ɗaure.

Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, kun shaida. Abinci bai taɓa makara ba, sai dai 'yar'uwarku Aisa ke kawowa. Gaisuwar safe tana nan, gajera. Abu ɗaya ta janye. Kun san matan Barebari da turaren wuta, tun da na aure ta ban taɓa fita da rigar da ba ta sha hayaƙin kasko ba. A wannan damina rigunana suka koma warin sabulu kawai. Abokaina na sahun gaba a masallaci suka san akwai magana a gidana ba tare da na buɗe baki ba. Bashir kuma, kai ka daina zama cin tuwo da ni, kullum ka ce ka ƙoshi. Na lura. Sau biyu na tsaya a ƙofar ɗakinta da maganar a bakina, sai in tuna gadon nan na Nguru da abin da ya rantse zai yi, in juya.

Ana haka gero ya fara nuna. Arɗo Buba yana kan bakarsa, burtali yana toshe, shanun da suka yi damina a arewa sun kusa gangarowa. Kowa ya san abin da zai faru in suka iso ba a zauna ba. Na sa manhajar ta nemo mana rana, ta ce babu ranar da kowa yake nan. Na faɗaɗa mata zuwa mako shida, ta sake cewa babu. Malama Hauwa ta rufe duk Asabar ɗinta saboda karatun ƙarshen mako da take yi, Bulama yana da nasa sha'anin, Arɗo kuma ya ce kada a sake aiko masa da saƙon waya. Na zauna na dubi jajayen gidajen nan, na ce wa kaina, tunda na sayar da sunana a kan mutumin nan, to wallahi sai na samo masa Asabar ɗaya, ko da zan bi mutane gida-gida.

Haka kuwa na yi. Na fara da Malama Hauwa a ofishinta. Ta ce abin mamaki, na rufe wa dattijo kwana huɗu sannan na zo ina roƙon Asabar ɗinta, in buɗe masa Talata mana kowa ya huta. Na ce ba zan buɗe ba. Ta ce in ba ta dalili. Na ce ba ni da dalilin da zan iya ba ta. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa gonar da aka ce shanu ne suka ci alhali ita tana zargin fari. Sannan ta ɗauki wayarta ta taɓa Asabar ta biyu, ta koma kore. Ta ce ba don ta yarda da ni ba ne, gero ne ba zai jira mu ba. Bulama bai ba ni wahala ba. Arɗo kuwa sai da na hau mashin na bi shi har ruga, da shekaruna da ciwon bayana. Ya bar ni a tsaye ya gama duba ɗan maraƙinsa tukuna. Ya ce ba ya karɓar rana daga na'ura, sai ya ji muryar Modu. Muka hau wani tudu inda ake samun sabis na kira Kawunku, suka zazzagi juna, aka tsayar da rana. A kan tudun nan na buɗe manhajar na ga gida ɗaya kore a tsakiyar ja, na danna shi. Na yi farin ciki kamar an yi mini albishir da haihuwa.

Ranar Asabar muka sa shi a gaban mota. Duk ramin da aka faɗa ina kallon ƙeyarsa daga baya, ina ganin yadda yake dafe wuya. Amma da muka isa gindin gawon da aka yi shimfiɗa, ya bar sandar a mota ya sauka da ƙafarsa, ya nufi Arɗo.

"Fulata, an ce ka yi fushi. Yaushe bawa ya fara fushi da ubangidansa?"

"Babarbare, ai mun ɗauka tsoron sanda ne ya ɓoye ka."

Aka fashe da dariya, har samarin da suka zo da fuska a murtuke. Aka kawo fura da nono a ƙwarya, aka fara ajiyewa a gabansa. Ni kuwa na san likita ya ƙayyade masa abin da zai sha a yini, kuma na san ƙin nonon Bafulatani a gaban jama'arsa ba ƙaramin abu ba ne. Sai ya tura ƙwaryar gabana da bayan hannu, ya ce shi ba ya shan abin hannun bawansa a bainar jama'a, a ba Bahaɗejen nan, su ne ba sa mayar da abinci. Aka sake dariya. Na shanye tawa na shanye tasa, cikina kamar ganga. Awa uku yana magana cikin zafin nan, da Fulatanci da Barbarci da Hausa, ruwa sai dai ya jiƙa leɓe. Aka yanke cewa waɗanda suka shiga burtali su girbe na bana, baɗi su ja baya, kuma ba saniyar da za ta shiga gona sai Bulama ya sa an yi shela cewa an kwashe damin ƙarshe. Da aka tashi zuwa kafa alamun burtalin ya ce manya ba sa awo, ya zauna. Ni kaɗai na san tashin ne ba zai iya ba. Wannan yarjejeniya har yau a kanta ake.

Ya ga girbi, ya ga an saki shanu lafiya. Zafi na fara shigowa ya faɗi a ƙofar gidansa, daga nan ɓoyo ya ƙare. Kuna asibitin, kun ji abin da mahaifiyarku ta ce wa likita, kalma bayan kalma yadda ya faɗa mini wata takwas kafin nan: a ciri tata a sa masa. Likitan ya ce yanzu jikinsa ba zai ɗauki aiki ba. Ina tsaye a bayanta lokacin da ya ce "yanzu". Ko da an sani da wuri zai yiwu, ko ba zai yiwu ba, Allah kaɗai ya sani, kuma wannan tambaya da ita zan shiga kabari. Kwana biyu kafin ya cika ya kama hannuna ya ce in ya tafi na sauke alkawari, in faɗa mata.

Ga laifina na gaskiya, wanda ba ku sani ba balle ku tuhume ni da shi. Rufe ranaku ban yi nadamarsa ba, in an mayar da ni barandar nan da rantsuwar a wuyana zan sake rufewa. Amma bayan ya sake ni, sai da na shekara ban faɗa mata ba. Na ce bari a yi arba'in, na ce bari Ya Kaltum ta fita takaba, na ce bari azumi ya wuce. Tsoro ne kawai. Ni da na bi Arɗo har ruga, na kasa taka tsakar gidana. Na gwammace ta ci gaba da ganina mai wulaƙanta ɗan'uwanta da ta san na ɓoye mata shi.

Wata safiya bayan kun watse na same ta a rumfa, na zauna a kan turmi na faɗa mata komai, tun daga direban tasha har ƙwaryar nono. Ba ta katse ni ba, ba ta yi kuka ba. Da na gama ta miƙo hannu ta ce in ba ta wayar, in buɗe mata kalandar Yaya ta wannan shekara. Na buɗe. Ta riƙa ja da yatsa mako bayan mako, tana tsayawa a kan kowace Alhamis, leɓunanta suna motsi. Ta zo kan koren gidan nan guda ɗaya ta tambaye ni wannan fa, na ce ranar Kumagannam ce. Ta ajiye wayar a kan tabarma a hankali.

"Ka bi mutane gida-gida ka samo wa Arɗo Asabar ɗinsa. Ni Alhamis talatin da wani abu yana kwance a Nguru, ba ka samo mini ko ɗaya na zauna kusa da shi ba."

Ta ce ba za ta gaya muku ba, wanda ya ɗaura shi zai kwance. Ta yi kusan wata ba ta sake tayar da zancen ba, ni kuma na zuba wa sarautar Allah ido, domin na san duk hukuncin da ta yanke na cancance shi.

Kun san duk Alhamis muna shiga motar Nguru ni da ita, da kwandon abinci marar gishiri, mu yini a ɗakin masu wankin ƙoda, tana zama kusa da waɗanda ba mai zama kusa da su. Kun ɗauka sadaka ce kawai take yi wa Kawunku. To, ga yadda aka fara. Wata Laraba da yamma na dawo daga masallaci na tarar da farar rigata a kife a kan kwando, kasko a ƙarƙashi, hayaƙi yana fita ta wuyanta. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Ta fito daga madafa tana goge hannu, ta ce gobe da asuba zan raka ta wani wuri, kuma ba gobe kaɗai ba. Ta ce in ciro wayar.

"Buɗe taka kalandar, ba ta kowa ba. Rufe Alhamis, duk mako, ba iyaka. Wannan karon kuma ka rubuta dalili."

Na rufe. A gurbin da na bari fayau a barandar asibiti na rubuta: Ina Nguru tare da Falmata, wurin masu wankin ƙoda. Ta karɓa ta karanta, ta gyara mini wasali ɗaya, ta mayar mini. Malama Hauwa ta ga rubutun a wayarta a wannan yammacin, ta kira ni, na ɗauka, ta ce Allah ya jiƙan Ba Modu ta kashe.

Bashir, wayar tana nan a aljihun da ka sani. Ranar da ka shirya ka zo in buɗe maka shekarar ka gani da idonka. Ka zo kowace rana ka ga dama, ban da Alhamis.